Gwadabe da Taken Mahauta

A yawon da na yi na neman karatu a kudancin ƙasar Kano, na taɓa yin bazara guda a wani ƙauye tsakanin Kiru da Dangora. Sunan ƙauyen ya kwanta mini. Da safe yakan zo har bakina, kafin in jiƙa tawada ya koma. Shekarar kuwa, ko wadda Sarauniyar Ingila ta zo Kano ce, ko wadda ta gabace ta, Allah shi ne masani. Amma mutumin da zan ba ku labarinsa, shi kam ko na manta inda na ajiye carbina ba na manta shi. Sunansa Gwadabe.

An sauke ni a zauren wata tsohuwa, Iya Hajara. Darni ɗaya ne ya raba gidanta da na Gwadabe, don haka abin da ban gani ba na ji shi.

Gwadabe dogo ne siriri, mai faɗin baki da ƙaramar hula. Ya taɓa wanzanci, ranar da ya haɗa da gefen kunnen wani Bafulatani ya bari. Ya taɓa dillancin jakuna, ya sayo wa mai unguwa jakin da ba ya tafiya sai da baya. Daga nan ya tafi Riruwai inda ake haƙar kuza, ya yi 'yan watanni a gidan wani Bature. Shi ya ce kuku ne. Waɗanda suka je can sun ce ruwa yake ɗebowa. Ya dai dawo da tsohuwar kwat mai maɓalli ɗaya, ba ya cire ta ko rana ta kai tsaka.

Abin da ke ransa ɗaya ne: Delu, ƙanwar Sarkin Fawa Maikano. Bazawara ce, mijinta ya rasu, tana sayar da ragadada a gefen rumfar yayanta, kuma bakinta ya fi wuƙar yayan kaifi. Duk ranar kasuwa Gwadabe na nan a gindin rumfar mahauta, ba ya sayen ko tsoka, yana kallon tukunya da mai tukunya. Ana saura kaɗan a kama azumi ya yi ta maza ya faɗa wa Maikano yana son aurenta.

Maikano yana wasa wuƙa, ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce, "Gwadabe, Delu ba yarinya ba ce, ita za ta zaɓa. Amma ni ba zan buɗe baki in ce na ba ka ba sai na ga sana'arka. Ba wadda za ka faɗa mini ba. Wadda kasuwa za ta gani da idonta ta shaida."

"Sarki, ai ina da ita. Likita ne ni."

"Na mutane?"

"Na karnuka. Da kyanwoyi in ta kama."

Wani mahauci da ke daddatsa ƙashi ya yi dariya har gatari ya kuɓuce masa. Delu ta juya tukunyarta ta ce, "To Likita, Allah ya kawo marasa lafiya."

Gwadabe ya gyara kwat ya ce, "Ku yi dariyarku. Ni Bature da bakinsa ya gaya mini, kare ƙanen zaki ne, kyanwa ƙanwar damisa. Wa ya taɓa ganin zaki na cin ƙanzo? Ku kuke lalata su da guntun tuwo da ruwan wanke-wanke. Ɗanye ake ba su! Ɗanyen nama, da jininsa, kamar yadda Allah ya halicce shi. Karen Baturenmu, ana kaɗa masa ƙararrawa zai zo ya zauna kamar ɗan makarantar elemantare."

Delu ta ce, "Da wane yare ya gaya maka?"

"Da... hannu. Mun fahimci juna."

Maikano ya ce, "To, na ba ka zuwa kasuwar jajiberin Salla. Ka kawo 'yan makarantar taka mu gani. Tarkacen huhu da saifa kuwa, ka riƙa zuwa kana kwasa."

Delu ta ce, "Yaya! Huhun ragadadata za ka ba karnuka?"

"Ke dai bari. Na daɗe ban yi kallo kyauta ba."

Samun karnuka bai yi wuya ba. Akwai wani mafarauci, Shitu, da kurkunu ya kwantar da shi a shekarar, ba ya iya shiga daji balle ya ciyar da nasa. Ya aiko da su. Sauran mafarauta da suka ji ana ba karnuka nama ba ko anini, su ma suka turo nasu. Kafin a ga watan azumi, karnuka sun fi goma a tsakar gidan Gwadabe.

Ƙararrawa ce ta gagara. Ya nema har Kwanar Dangora, ya dawo hannu rabbana. Sai ya tuna da wani tsohon kalangu na marigayi kawunsa da ke rataye a ɗaki, ya ce ai kiɗa kiɗa ne. To Gwadabe bai iya kiɗa ba, sai take ɗaya tak. Tsawon zaman da ya yi a gindin rumfar mahauta yana kallon Delu, kiɗan da Sabo makaɗin mahauta ke yi in an gama fiɗa, don a sanar da kasuwa nama ya sauka, shi ne ya zauna masa a ka. Yara kan ce kalangun cewa yake, "An yanka, an feɗe, a zo, a zo." Wannan shi Gwadabe ke kaɗawa safe da yamma, sannan ya juye ƙwaryar huhu. Mutane na azumi bakinsu ya bushe, karnukan Gwadabe na cin saifa da rana tsaka.

Waɗanda suka fara gane karatun ungulaye ne. Suka taso daga mayanka suka yi sahu a kan ɗakinsa. Wani mutumin Bebeji da ke wucewa ya ga haka, ya tsaya a zaurena ya ɗaga hannu ya ce, "Allah gafarta Malam, ashe rashi aka yi? Allah ya jiƙan musulmi." Na ce masa ba a yi ba tukuna.

Sai muzurun Iya Hajara. Baƙin muzuru ne, ramamme, wanda ko tari ɓera ya yi a rumbunta sai ya ji. Gwadabe ya riƙa miƙo masa hanta ta saman darni. Azumi bai kai goma ba wuyan muzuru ya ɓace. Ya kwanta a bakin rumbu yana lumshe ido, ɓeraye na tsallake shi suna shiga kamar masu gaida dogari a ƙofar fada.

Iya ta leƙa ta darni da muciya a hannu. "Kai Gwadabe, ɗan nema! Me ka yi wa muzuruna?"

"Iya, damisa yake komawa. Damisa kuwa ba ta bin ɓera, ƙasƙanci ne."

"To me take bi?"

"Barewa."

"Barewa ce ke cinye mini irin gyaɗa? Malam, kana ji fa!"

Na ce, "Iya, a yi haƙuri, ana azumi."

Ta ce, "Shi ya sa ma bai ji muciyar nan ba. Amma Salla na zuwa."

A cikin karnukan Shitu akwai wata farar karya da yake ji da ita. Kun san mafarauta da sa wa kare sunan habaici. Ita sunanta Bar-su-da-halinsu. Kaska ta dame ta a kunne da wuya. Gwadabe ya ce ya ga Bature na shafa wa nasa wani magani shuɗi daga kwalba, kuma a ganinsa ba kwalbar ke aiki ba, shuɗin ne. Ya tafi karofi ya roƙo ruwan baba da marina suka gama da shi, ya cika kwatarniya, ya tsoma karya har kunnuwa. Da ya ga bai kama sosai ba ya sake tsomawa, kamar yadda ya ga marina na yi wa turkuɗi.

Karya ta zille ta yi waje, shuɗiya shar, sai idanu da haƙora. Ta bi ta bakin rijiya. Mata suka saki guga suna salati, wata na cewa aljanin tsamiya ne ya fito da rana. Kafin la'asar ga Shitu ya dogaro sanda, ƙafa a naɗe da tsumma.

"Gwadabe, ina farar karyata?"

"Ga ta nan a gabanka tana kaɗa maka wutsiya."

"Wannan? Wannan ai rawani ne ɗan Kura!"

"To duba kunnenta. Ka ga kaska ko ɗaya?"

"Ina zan gan ta, ita ma ka rina ta! Yanzu zomon da ya hango wannan abu, gudu zai yi ko dariya ce za ta kashe shi?"

"Ko wanne ya kashe shi, Shitu, ai ka samu nama."

Shitu ya ɗaga sanda, ya tuna da ita yake tsaye, ya mayar.

Akwai wani abu kuma da na lura da shi. Kasuwar garin tana can ɗaya gefen, amma duk ranar da take ci, in iska ta kwaso kiɗan Sabo daga rumfar mahauta, sai karnukan nan su miƙe su yi ta kuka suna dukan darni da ƙirji. Gwadabe ya ce mini, "Allah gafarta Malam, ka ji? Jinin zaki ne ke motsawa." Na buɗe baki zan ce masa wani abu, sai aka kira salla. Bayan an idar na neme shi a kaina na rasa. Kun ga mantuwar nan tawa ba yau ta fara ba.

Ranar jajiberi kasuwa ta cika ta batse. Mutanen Kiru sun zo, na Bebeji sun zo, har wata mota ta sauke fasinja daga Kwanar Dangora. Maikano ya kayar da manyan bijimai, domin naman Sallar gari duka a rumfarsa yake. Kowa da ƙishirwar azumin ƙarshe, kowa idonsa na kan teburan mahauta.

Gwadabe tun jiya bai ba karnuka komai ba, wai don in ya kaɗa a ga zafin namansu. Ya saka kwat, ya rataya kalangu, ya ɗora ƙwaryar huhu a ka. Igiyoyin karnukan kuwa ya tattara su ya ɗaure a ƙugunsa, a kan tazugen wando, don mutane su ga ba da hannu yake riƙe su ba, da ilimi ne. Ya tsaya a bakin kasuwa a gindin tsamiya, inda za a iya hango shi daga rumfar mahauta.

Gaskiya ɗaya ce, da farko abin ya ba da sha'awa. Karnukan sun yi ƙiba, gashinsu na sheƙi, in ka cire shuɗiyar. Suna zaune a kewaye da shi, yunwa ta sa sun ƙura wa ƙwarya ido ko motsi babu. Mutane suka taru. Delu, da ta zo kwasar ƙafafun shanu, ta ajiye kwando ta tsaya kallo. Maikano ma ya leƙo ya gyaɗa kai.

Gwadabe ya ga haka, kansa ya ƙara girma. Ya ɗaga murya: "Jama'a, ku matso! Yau za ku ga abin da ko a Kano sai a gidan Razdan. Waɗannan ba karnuka ba ne, ɗalibai ne. Ba sa motsi sai da izinina. Ko naman duniya za a zube a gabansu, in ban kaɗa ba..."

A daidai nan aka gama fiɗa. Maikano, bisa al'adarsa ta kowace kasuwa, ya juya ya ce, "Sabo, sanar da mutane."

Sabo ya matse kalangu a hammata ya saki take. An yanka, an feɗe, a zo, a zo.

Kunnuwa suka miƙe gaba ɗaya. Bar-su-da-halinsu ce ta fara tashi. Ta dubi kalangun Gwadabe, ta ga shiru. Ta dubi inda kiɗa ke fitowa, ta ga cinyoyin bijimi a rataye. Ba ta yi shawara da kowa ba.

Gwadabe ya ce, "Zauna! Sidon! Ban ka..."

Sauran maganar a ƙasa ya ƙarasa ta. Ƙwarya ta yi sama, huhu ya sauko a kan wani mai sayar da hula. Karnuka suka ja Likita a kan gwiwa, suka ja shi a kan ciki, suka bi da shi ta cikin masu tumatir, suka fito da shi ta cikin masu tukwane. Wata mai daddawa ta ɗauke tallarta, ya wuce ta ƙarƙashin ƙafarta yana cewa, "Gafara, Baba, gafara!" A wajen masu barkono aka yi karo da buhu, daga nan kowa ya kama atishawa.

Yana ihu, "Sabo, tsaya! Sabo, don girman Allah tsaya!"

Shi kuwa Sabo, da ya ga ƙura ta tashi, kasuwa duka ta nufo rumfa a guje, sai ya ɗauka yau hannunsa ne ya yi daɗi. Ya rufe ido ya ƙara wuta.

A wajen masu gishiri tazuge ya tsinke. Karnuka suka yi gaba da igiya da wando, Gwadabe ya tsaya a nan da kwat. Ranar ce kaɗai na ji mutane sun yaba wa tsawon kwat ɗin nan.

Abin da ya faru a rumfa ba ya faɗuwa. Karnuka a kan tebur, karnuka a ƙarƙashin tebur. Mahauta da wuƙaƙe a hannu, ba damar sara, kada jinin kare ya zuba a naman Salla. Maikano ya rungume cinya ɗaya, shuɗiyar karya ta kama ɗaya gefen, suna ja kamar masu gardamar gado. Wani dattijo da ya riga ya zaɓi tozo yana ta faɗin, "Nawa ne wannan! Nawa ne!" har tozon ya sha kwana. Ungulaye kuma, da suka ga makaranta ta tashi, suka biyo ɗalibai.

Ana cikin haka sai ga muzurun Iya Hajara. Shi ma ya ji take. Bai yi gudu ba, ƙiba ba ta bari. Ya ratso kasuwa a hankali kamar hakimi, ya hau tebur da ƙyar, ya ɗauki hantar da aka ware wa mai gari, ya sauka ya koma yadda ya zo. Ba wanda ya tare shi. Iya na gefe ta riƙe haɓa ta ce, "Oh ni Hajara. Ga barewar."

Delu ce ta fara gane bakin zaren. Ta fizge makaɗin daga hannun Sabo, kiɗa ya tsaya cak. Ta juya ta ƙwala wa Gwadabe kira: "Likita! Kaɗa naka ka yi bayan gari, tun Yaya bai feɗe ka ba!"

Gwadabe ya tashi, hannu ɗaya na jan kwat ƙasa, ya ga ba zai yiwu ba sai da hannu biyu, ya saki kwat ya kama kalangu. Ya zura da gudu yana kaɗawa. Karnuka suka ɗago, kowanne da abin da ya samu a baki, suka bi malaminsu. Haka aka fita da su ta ƙofar gabas, ko ta yamma ce, shi a gaba, su a baya, wandonsa na biye a ƙarshen igiya.

A shekarar, rabin garin da miyar kuka aka ci tuwon Salla, domin naman da kare ya sa wa baki ba mai kai shi gidansa.

Kowa ya ɗauka Gwadabe zai bar gari. Ina! Bayan Salla da kwana biyu ina zaune a zauren Maikano, na je yi masa jaje, sai ga shi da gwiwoyi a naɗe, ya yi sallama ya durƙusa.

"Sarki, na zo kan alkawari."

Maikano ya dube shi kamar ya ga sa mai ƙafa biyar. "Wane alkawari?"

"Ka ce sana'ar da kasuwa za ta gani da idonta ta shaida. To akwai wanda bai gani ba? Har mutanen Bebeji sun shaida. Kuma ka faɗi gaskiya, da aka kaɗa, sun zo ko ba su zo ba?"

Maikano ya juyo. Ya dube ni. Na ce, "Sarki, in dai a lafazi ne, sun zo."

Ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Na faɗa, ba zan janye ba. Amma na ce ita za ta zaɓa. Delu! Kina ji?"

Daga bayan asabari Delu ta ce, "Ina ji, Yaya. Likita, tambaya ɗaya zan yi maka. 'Yar gidan mahauta, da wane kiɗa ake kai ta ɗakin miji?"

Gwadabe ya washe baki. "Kalangu mana!"

"Wane take?"

Bakin ya fara rufuwa a hankali.

Ta ce, "To ka gani. Ni ba zan shiga gidan da in an kaɗa mini take, karnuka ne za su fara zuwa ɗaukar amarya ba. Allah ya haɗa kowa da rabonsa."

An mayar wa mafarauta karnukansu, amma karatu ya riga ya zauna. Duk ranar kasuwa, Sabo na taɓa kalangu sai ga su daga kowace kusurwa. Aka yi duka, aka yi ɗauri, a banza. Daga ƙarshe Maikano ya yanke cewa wanda ya ɗaura shi zai kwance: kowace kasuwa, kafin Sabo ya fara, Gwadabe zai tafi bayan gari da ƙwaryar huhu ya yi ta kaɗa nasa har a watse. Ana ba shi ɗan abin miya. Kun ga dai ya samu sana'a.

Delu kuwa, da ruwa ya sauka ƙafar Shitu ta warke, shi ta aura. Ranar da za a kai ta ita ce ranar da na ɗaure littattafaina zan wuce Tudun Wada. Na bi ta bayan gari da yamma, kiɗan biki na tashi a cikin gari, sai ga Gwadabe a kan wani kututture, gumi ya jiƙa kwat, yana ta kaɗawa tun hantsi. Karnuka sun kewaye shi, karyar nan da ta koɗe ta koma ruwan toka tana gaba, muzuru na gefe, ungulaye a sama.

Na yi masa sannu da aiki. Na so in ƙara da kalmar ban haƙuri, amma bai ba ni dama ba.

Bai tsayar da hannu ba ya ce, "Allah gafarta Malam, ka ji kiɗan can? In na ajiye makaɗin nan yanzu, wallahi amarya ba ta kai ɗakinta ba. Sarkin Fawa da kansa ya zo ya roƙe ni. Auren nan dungurungum a hannuna yake. In ka je gaba ka faɗa wa mutane."

Na ce masa zan faɗa. To ga shi na faɗa, ko da yake na ɗan makara.